Waiwaye: asalin dabarar ƙunshi cikin ƙunshi a rubutun manhaja

A watan jiya wata Hajiya mai sayar da kayan lefe a Kasuwar Barci ta nemi in rubuta mata 'yar manhajar lissafin kaya, sai na yini a bencin shagonta ina kallon ciniki. Wata uwar ango ta ɗaga turmin atamfa ta ce, "Hajiya, wannan nawa?" Aka faɗa mata. Ta nuna akwatin da aka riga aka shirya, atamfofi da leshi a jere, a gefe kuma wata 'yar jaka cike da turare da man shafawa, ta ce, "To wannan fa?" Can ta tambayi kuɗin saitin gaba ɗaya. Tambaya ɗaya ce ta yi sau uku. In turmi ne, Hajiya ta faɗi farashinsa kai tsaye. In akwati ne, ta bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ta iso kan jakar ta zuge ta, ita ma ta tara abin da ke cikinta, sannan ta haɗa jimla.

Abin da masu rubuta manhaja ke kira kwamfozit ke nan, ni kuma nakan ce wa ɗalibaina ƙunshi cikin ƙunshi. A salon da ake gina manhaja da abubuwa, kowane riƙe da bayanansa da aikinsa, sai a sa abu guda da tarin abubuwa su amsa kira iri ɗaya. Mai tambaya ba ruwansa da ko ganye ya taɓa, wato abu guda kamar turmi, ko reshe, wato mai ɗauke da wasu kamar akwati.

Yawancin ɗaliban da nake haɗuwa da su a nan Kaduna sun haddace zanen dabarar, suna zaton a littafin Design Patterns na 1994 aka haife ta. Wannan na damuna, domin wanda bai san matsalar da ta haifi dabara ba, zai yi ta cusa ta inda ba muhallinta ba. Waiwaye adon tafiya.

Tun a 1963 Ivan Sutherland ya gina Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, inda zane ke iya ƙunsar wasu zane-zane, kuma in an gyara uwar zanen sai 'ya'yanta su gyaru. A 1965 masu tsara Multics, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, suka bayyana yadda folda za ta zauna cikin folda, takwararta Unix ta gaji tsarin, har yau shi ne a wayarka. Amma abin da ya buɗe ƙofar da gaske ya fito ne daga Norway a 1967, lokacin da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka kawo aji, wato samfurin da ake ƙera abubuwa da shi, da gado, wato wani aji ya gaji halayen wani, cikin harshen manhaja na Simula. Daga nan ne kira ɗaya ya iya samun amsa daban-daban gwargwadon wanda aka kira. Masu harshen manhaja na Smalltalk a cibiyar bincike ta Xerox PARC suka yi amfani da wannan a kan allo: taga na ɗauke da ƙananan tagogi, a ce wa babbar ta zana kanta, ita kuma ta miƙa umarnin ga na ƙasa da ita.

Dabarar na aiki, sai dai ba ta da suna. Hanyar raɗa mata suna kuwa daga wajen magina aka aro ta. Christopher Alexander, masanin tsara gine-gine, ya wallafa A Pattern Language a 1977, da salo 253 na warware matsalolin gida da gari da ke yawan maimaituwa. A 1987 Kent Beck da Ward Cunningham suka nuna cewa za a iya yin haka da manhaja. Sai a 1994 Erich Gamma, Richard Helm, Ralph Johnson da John Vlissides suka fitar da Design Patterns mai dabaru 23, kwamfozit na cikin bakwai da suka shafi haɗa sassa. Abin da ya fi burge ni shi ne ba daga ka suka zubo su ba. Gamma ya yi aiki a kan kayan gina tagogin manhaja na ET++ a Zurich, Vlissides a kan makamancinsu InterViews a Stanford, kuma sharaɗinsu shi ne sai an ga dabara ta yi aiki a manhaja fiye da ɗaya kafin ta shiga littafin.

Akwai gardamar da littafin bai ɓoye ba, kuma har yau ba ta mutu ba: wa za a bai wa ikon karɓar kaya? In aka ce kowane abu, har turmin atamfa, yana da umarnin "ƙara a ciki", komai ya zama bai ɗaya, aikin mai kira ya yi sauƙi, amma wata rana wani zai yi ƙoƙarin zuba turare cikin turmi, kuma ba za a gane ba sai manhaja na tsakiyar aiki. In kuwa akwati kaɗai aka bai wa, an tsira daga wannan, sai dai dole mai kira ya fara bambanta akwati da turmi, abin da tun farko aka guda. Marubutan sun karkata ga na farko. Masu harshen manhaja na Java, a kayan gina tagoginsu na AWT, sun bar sanya abu cikin abu ga mazubi kawai. Tsarin DOM na jera sassan shafi cikin juna, da W3C, ƙungiyar tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta amince da shi a 1998, wanda kowane shafin intanet ke tsaye a kansa, ya bi hanyar littafin: kowane sashe na shafin na da umarnin ƙara a ciki, amma ka ce za ka ɗora wa tsurar rubutu ɗa, burauza za ta ƙi, haka ma in ka nemi sanya uwa cikin 'yarta, don kada lissafi ya yi ta zagaye ba iyaka.

A aikin Hajiya hanya ta biyu na ɗauka, saboda yaran shago ne za su riƙa shigar da kaya cikin cunkoson masu saye, gara kuskuren ya gagara tun daga tushe. Da na nuna mata gwajin farko, ta dubi jimlar ta ce, "Malam, ina kuɗin akwatin kansa?" Na koma na gyara: yanzu in aka tambayi akwati, da nasa farashin yake farawa, sannan ya tambayi kayan cikinsa.