Ƙwannafin da ya daɗe da sauyin fatar bututun abinci: tambayoyi da amsoshi

Mene ne wannan sauyin?

Bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa ciki yana da wata fata a cikinsa wadda ba ta jure asid. Idan ruwan tsamin ciki ya yi shekaru yana tasowa, fatar ƙasan bututun takan rikiɗe ta koma irin ta hanji. Likitoci na kiran wannan yanayi da sunan Norman Barrett, likitan tiyata da ya yi rubutu a kansa a Ingila a 1950.

Ciwon daji ne ke nan?

A'a. Share fage ne kawai, kuma cikin masu shi ɗari, wanda yakan kamu da ciwon dajin a shekara bai kai mutum ɗaya ba. Maza da suka haura 50, masu teɓa, masu shan taba da waɗanda abin ke danginsu sun fi shiga haɗari.

Ta yaya ake gane shi?

Ba ya da wata alama tasa. Sai an zura siririn bututu mai kyamara ta baki, an duba, an gutsuro 'yan tsokoki daga kusurwa huɗu a kowane santimita 2, an kai ɗakin gwaji. Can ne ake tantance ko ƙwayoyin halittar sun fara lalacewa, da kuma matakin lalacewar: kaɗan ko mai tsanani.

Idan an gano fa?

In babu lalacewa, sai maganin rage asid irin su omeprazole, da sake dubawa bayan shekara 3 zuwa 5. In ta bayyana, musamman mai tsanani, ta wannan bututu mai kyamara ake yanke gurbin da ya kumbura, a ƙone sauran da zafin na'ura ko a daskarar da shi, lafiyayyar fata ta tsiro. Rage ƙiba, barin taba, da guje wa kwanciya kafin awa 3 da cin abinci duk suna taimakawa.

Ƙwannafina ya tafi da magani, sai na koma asibiti?

Ƙwarai kuwa, kuma nan mutane suka fi yin sakaci. Magani yana kashe zafin, amma ba lallai ya mayar da fatar yadda take ba. Wanda abinci ya fara maƙale masa, ko yana rama ba dalili, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, kada ya jira ranar da aka sa masa.