Dokar Baƙi Abokan Gaba ta 1798: wai za a kwashe 'yan Najeriya da ke Amurka?

Tun da Trump ya yi barazanar turo sojoji Najeriya a watan Nuwamba na 2025 nake ta jin magana ɗaya tana yawo, wai akwai wata tsohuwar doka a Amurka da ta ba shugaban ƙasa ikon kama duk baƙon da ya ga dama ya jefa shi jirgi, har da masu takardun zama, har da waɗanda suka zama 'yan ƙasa. Iyaye da ke da 'ya'ya masu karatu a can hankalinsu ya tashi. Dokar akwai ta kam, amma ba haka take ba, shi ya sa na ga ya kamata a warware.

Wanda ya sa mata hannu shi ne John Adams, shugaban Amurka na biyu, ranar 6 ga Yuli 1798. Lauya ne ɗan jihar Massachusetts, an haife shi a 1735, ya yi mataimakin George Washington shekara takwas kafin ya hau mulki a 1797. A lokacin ana zaman doya da manja da Faransa, jiragen ruwansu na kai wa juna hari a teku, sai jam'iyyarsa ta yi dokoki huɗu a jere cikin 'yan makonni. Ukun sun mutu tuntuni, ciki har da wadda ta hana sukar gwamnati, da aka ɗaure ɗan majalisa Matthew Lyon wata huɗu da tarar dala 1,000 a kanta, mutanensa kuma suka sake zaɓensa yana cikin kurkuku. Wannan ɗaya ce ta rage.

Wa ta shafa? Duk mai shekara 14 zuwa sama, ɗan ƙasar da ake gaba da ita, da ke zaune a Amurka bai zama ɗan ƙasa ba. Da farko maza kaɗai, a 1918 aka ƙara mata. Wanda ya riga ya karɓi zama ɗan Amurka ba ya ciki, dokar da kanta ta cire shi.

Toh ga inda masu yaɗa tsoro suke tsallakewa. Dokar ba ta aiki haka kawai, sai ɗayan abu biyu ya faru: ko an ayyana yaƙi tsakanin Amurka da wata ƙasa, ko wata ƙasa ko gwamnatinta ta kawo mamaya ko farmaki cikin Amurka, ko ta yi yunƙuri ko barazanar haka. Sannan dole shugaban ƙasa ya fito ya yi shela a bainar jama'a. Ayyana yaƙi kuwa aikin majalisa ne ba na shugaba ba, kuma rabon majalisar Amurka da yin hakan tun 1942. Barazana a bakin shugaba ba ayyana yaƙi ba ce, Najeriya ko Nijar ko Ghana kuma babu wadda ta kai wa Amurka farmaki. Shi kansa Adams har ya sauka a 1801 bai taɓa amfani da ita ba, don ba a kai ga ayyana yaƙi da Faransa ba. Sau uku aka yi amfani da ita kafin zamaninmu, a yaƙin 1812 da Ingila, a yaƙin duniya na ɗaya, sai na biyu inda ta hau kan Jamusawa da Italiyawa da Japanawa.

Abin da ya dawo da ita bakin duniya shi ne Maris na 2025, da Trump ya yi shela a kan 'yan Venezuela da ake zargi 'yan wata ƙungiyar 'yan daba ce mai suna Tren de Aragua, yana cewa ƙungiyar na mamaye Amurka da hannun gwamnatin Maduro, shugaban Venezuela na lokacin. Aka kwashi mutum sama da ɗari aka kai su wani katafaren kurkuku a El Salvador. Rigimar duk tana kan kalma ɗaya ce, shin ƙungiyar 'yan daba za ta iya zama ƙasa ko gwamnati, kuma shigowar masu laifi za a kira shi mamaya? Alƙalai sun rabu a kai. Amma ko wannan shelar ta taƙaita ne ga 'yan Venezuela, ta kuma cire masu katin zama na dindindin.

Saura maganar hukunci, wanda nan ne gaskiya ni ma abin yake damuna. Dokar ba ta laifi ba ce, babu tara babu shekarun ɗauri, iko kawai ta bayar na kamawa da tsarewa da kora. Ba sai ka yi komai ba, asalinka ya isa, kuma ba a bi da kai ta kotun shige da fice yadda aka saba. Idan da gaske ana yaƙi, mai katin zama ma ba ya tsira. A 1948 Kotun Ƙoli ta amince a kori wani Bajamushe mai suna Ludecke a ƙarƙashinta shekara uku bayan an daina harbi, wai don ba a rufe yaƙin a hukumance ba. Sauƙin da aka samu shi ne a Afrilu 2025 kotun ta ce dole a sanar da mutum a ba shi damar ƙalubalantar korarsa gaban alƙali, a watan Mayu kuma ta ce sanarwar awa 24 ba ta isa ba.

Abin da ke min ciwo shi ne wannan Adams ɗin ne a 1770 ya tsaya wa sojojin Ingila da suka harbe mutum biyar a Boston, lokacin da duk gari ke neman jininsu, ya kare su a kotu har aka wanke shida cikin takwas tare da kyaftin ɗinsu. Mutumin da ya san darajar a saurari wanda ake ƙi, shi ne ya bar dokar da za a iya korar yaro ɗan shekara 14 saboda inda aka haife shi. Ban ga adalci a nan ba ko kaɗan.

Mai ɗa ko ƙane a can, abin da zai bincika shi ne bizarsa ba ta ƙare ba, kuma ɗalibi yana cika sharuɗɗan makarantarsa, don dokokin shige da fice na yau da kullum su ne ake korar mutanenmu da su, ba ta 1798 ba.