Mene ne "sandika"? Mu duba ta wajen kafintoci

Duk shekara in 1 ga Mayu ta ƙarato, kalmar "sandika" sai ta cika gidajen rediyon Garwa, a arewacin Kamaru. Bana abin ya yi yawa. Na ji mai gabatar da shiri yana cewa "sandikar magoya bayan" wani ɗan siyasa, kwana biyu tsakani kuma wani ya kira adashin unguwarsu sandika. A tasha kuwa, ɗan sandika shi ne mai littafin rasit da ke karɓar kuɗin lodi. Wannan ruɗani yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin a gidan kafinta na tashi, na san abin da rashin sandika ta gaskiya ke jawowa.

Kowa ya san daga Faransanci muka aro kalmar, inda take nufin ƙungiyar kare haƙƙin ma'aikata. Su ma Faransawan aro suka yi. Tushenta Girkanci ne, kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya "tare", ɗaya "shari'a": wato mutumin da zai tsaya kusa da kai gaban alƙali, ya yi magana a madadinka ranar da bakinka bai isa ba. Babu tara kuɗin biki a ciki, babu ɗinka atamfa iri ɗaya don fareti. A Faransa sai 1884 doka ta halatta wa ma'aikata irin wannan haɗuwa. A Kamaru, dokar aiki ta 1992 ta ce sai aƙalla ma'aikata 20 sun sa hannu kafin a yi wa sandikarsu rajista, kuma ta ambaci ta ma'aikata daban, ta iyayen gida daban.

Nan ne muke tuntuɓe. Mai shago da yaran shagonsa sai su shiga ƙungiya ɗaya, a naɗa mai shagon shugaba, a ce an yi sandika. To ranar da yaro ya faɗo daga saman rufi ya karye a ƙugu, aka tarar ba a taɓa rubuta sunansa a CNPS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ba, wa zai tsaya masa? Wanda ya kamata a tuhuma shi ne ke riƙe da hatimi.

Kafintocin Amurka sun kafa tasu a Shikago a 1881, Peter McGuire na kan gaba, kuma suna cikin waɗanda suka yi fafutukar aikin awa 8 a yini. Amma abin da ya fi burge ni shi ne koyarwarsu. Mai koyo yakan yi kimanin shekara 4, wani lokaci a aji, mafi yawa a wurin gini, ana biyansa tun ranar farko, albashin na ƙaruwa yayin da hannunsa ke faɗawa. Katin da zai samu a ƙarshe shaida ce: ƙungiyar ta ɗora sunanta a kan aikinsa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sarkin maƙera da sarkin magina dā aikinsu ke nan, su raba gardama, su kuma faɗi wanda ya isa a ba shi aiki.

Yau fa? Yaro ya yi shekara 4 a makarantar fasaha ya fito da takardar shaidar ƙwarewar sana'a ta CAP, wani kuma ya shekara bakwai yana jan zarto a shago, ya fi shi iya aiki, amma ba wanda zai shaide shi. Tsakaninsu ga wanda jiya ya sayi guduma, yau yana karɓar kwangilar rufi a rabin farashi. Katakonmu daga kudu yake zuwa, wani ta jirgin ƙasa har Ngaundare sannan a ɗoro shi a mota, saboda haka kafin ya iso ya yi tsada, jarabar ha'inci kuma ta yi ƙarfi. Sai a sayi farin katako mai laushi, ɗanye, ba a shafa masa maganin gara ba. Sai a buɗa tazara tsakanin sanduna don a rage guda uku ko huɗu. Sai a ƙi ɗaure katakon da jikin bango da ƙarfe, a rage ƙusa a gefen kwano inda iska ke fara shiga. Mai gida ba zai gani ba, silin ya rufe komai. Sai hadarin farkon damina ya taso da iskar nan tasa, a wayi gari kwano yana gidan maƙwabta. Ƙwararren kafinta ya san waɗannan duka, ya kan auna ya sake aunawa kafin ya yanka, ya kan gaya maka gaskiyar katakon da ka sayo ko da za ka fasa ba shi aikin. Shi ne kuma yake rasa kwangilar, don ba shi da ƙungiyar da za ta ce wa jama'a ga bambancinsa da wancan.

Saboda haka in kafintocin unguwarku suka ce sun kafa sandika, ku tambaye su abu biyu: nawa aka tsayar a riƙa ba yaron da ke koyo, kuma in ɗayansu ya yi rufi iska ta kwashe, wurin wa mai gida zai kai ƙara.