Sana'ar Rubuta Ƙagaggun Labarai a Ƙasar Hausa

Sana'ar rubuta ƙagaggun labarai ita ce mutum ya riƙi ƙirƙirar labari a rubuce a matsayin hanyar cin abincinsa, ko dai gaba ɗaya ko wani ɓangare. A rubutun boko na Hausa wannan sana'a ba ta cika shekara ɗari ba, domin daga 1933 ake fara ƙirga ta. A tsawon wannan lokaci ɗorewar marubuci ta fi rataya a kan wanda ke riƙe da hanyar da littafi ke bi ya isa hannun mai karatu. Da farko hukuma ce ke riƙe da ita, daga baya ta koma hannun 'yan kasuwar Kano, yanzu kuma wayar hannu ta karɓe. Kowane sauyi ya ɗaga wasu marubuta, ya kuma sa wasu sun ajiye alƙalami.

Zamanin hukuma

Turawan mulkin mallaka sun kafa Hukumar Fassara don samar wa makarantu littattafan karatu, kuma a farkon shekarun 1930 tana Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, inda ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi. A 1933 East ya shirya gasar rubuta labarai, wadda ta fito da Abubakar Imam da yayansa Malam Bello Kagara da Abubakar Tafawa Balewa da Muhammadu Gwarzo, sai John Tafida wanda ya yi rubutun haɗin gwiwa da shi East ɗin. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya rayu da kuɗin littafi. Tafawa Balewa malamin makaranta ne da ya shiga siyasa har ya zama Firayim Minista. Bello Kagara ya bi hanyar koyarwa da alƙalanci har ya zama Walin Katsina. Imam ne ya fi kusa da a kira shi marubuci na sana'a, shi ma albashi ya riƙe shi: bayan ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Haka tsarin ya ci gaba ta hannun Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, da ta yi aiki a shekarun 1950 aka rufe ta a 1959, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC na Zariya, daga 1966. Marubuci zai kai rubutunsa, edita ya duba, kamfani ya ɗauki nauyin bugu da rarrabawa, a ba marubuci ɗan kaso daga abin da aka sayar. Littafin da ya shiga manhajar makarantu shi ke da rai, ana sake buga shi shekara da shekaru. Wanda bai shiga ba kuwa sai ya yi ta jira. Ƙofar ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa gasa ta zama kusan hanya ɗaya tilo ga sabon marubuci. Gasar NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ce ta fito da Sulaiman Ibrahim Katsina da Hafsatu Abdulwaheed, wadda So Aljannar Duniya ɗinta ya fito a 1980.

Kasuwar Kano

Abubuwa biyu suka haɗu a shekarun 1980. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya da aka soma a 1976, tare da azuzuwan yaƙi da jahilci, sun yaye ɗimbin matasa da matan aure masu iya karanta Hausa amma ba su da abin karantawa. A daidai lokacin tattalin arzikin Nijeriya ya karye, darajar naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta kaɗai. Sai matasa suka daina jiran kamfani. Mai labari zai tara kuɗinsa, ko ya ranta, ko mace ta sayar da ɗan kunnenta, a kai wa mai keken rubutu, daga nan sai ƙaramar maɗaba'a.

Talatu Wada Ahmed na cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fito a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zama abin nema a ɗakunan mata. Marubutan suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, waɗanda a zahiri suka yi aikin da kamfani ya kamata ya yi: a karanta wa juna rubutu, a gyara, a nuna wa sabon shiga maɗaba'ar da ba ta cuta, a jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a ƙarshen kowane littafi don talla.

Lissafin wannan kasuwa shi ne ya tsara kamannin littafin kansa. Ana buga shi a takarda mai araha, a ɗinke da ƙusar waya a tsakiya, shafuka kaɗan, don kuɗinsa kada ya fi ƙarfin ɗaliba ko matar da ke kulle. Dogon labari sai a yanka shi: na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har na huɗu, a tsaya a daidai inda hankalin mai karatu ya tashi. Masu suka sun ɗauki wannan a matsayin wayo, amma galibi dole ce ta sa, domin cinikin na ɗaya ne ke biyan kuɗin bugun na biyu. Marubucin da na ɗayansa ya kwanta a shago, sau da yawa na biyunsa ba ya ganin rana.

Daga maɗaba'a littafi na wucewa hannun masu shagunan littattafai na kasuwar Sabon Gari da Kurmi, su kuma su sarar wa dillalan da ke kai shi Kaduna, Zariya, Katsina, Sakkwato, Jos, har Maraɗi da Damagaram da zangunan Hausawa na kudu. A nan ne marubuci ke cin riba ko ya karye. Ɗan kasuwa ba ya biya nan take. Bashi yake karɓa, sai ya sayar ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Marubucin da jarinsa ke kwance a shaguna biyar sai ya koma ɗan karɓar bashi, yau a ce ya dawo gobe, gobe a ce kasuwa ba ta motsi. Da yawa sun gaji da wannan zarya suka zaɓi sayar da labarin ɗungurungum ga mai shago, a ba su kuɗi sau ɗaya da 'yan kwafi na rabo. In littafin ya karɓu aka buga shi sau goma, ba su da ko sisi a ciki. Wannan ciniki ya fi faɗawa mata, waɗanda aure ko nisa ke hana su bin shago-shago, alhali su ne suka fi yawa cikin marubutan da kuma masu karatun. Akwai kuma masu bayar da hayar littafi a unguwanni, inda kwafi ɗaya zai zaga gidaje da dama har bangonsa ya yage. Haya ta yaɗa sunan marubuta, sai dai suna kawai, kuɗin na mai haya ne.

Waɗanda suka daɗe a fagen su ne waɗanda suka gane wannan da wuri suka riƙe bugu da rarrabawa a hannunsu. Gidan Dabino misali ne: ya mayar da sunansa kamfanin wallafa, yana buga nasa da na wasu.

Suka da tacewa

Ban da matsalar kuɗi, marubucin wannan zamani ya yi fama da neman mutunci. Masanin adabi Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan ƙananan littattafan kasuwar Onica, kuma ba yabo yake nufi ba. Aka shafe shekaru ana muhawara a jaridu, malaman jami'a Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na cikin masu kare marubutan. Iyaye da malamai kuma na zargin littattafan soyayya da ɓata tarbiyyar 'yan mata. A 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma a shekarar da ta biyo hukumar tacewa ta nemi marubuta su yi rajista, abin da ya jawo doguwar taƙaddama da reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981. Abin lura shi ne littattafan da aka raina ɗin nan yau su ake rubuta kundayen digiri a kansu a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, kuma an fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012.

Fim da rediyo

Masana'antar finafinan Hausa ta tashi ne a kan kafaɗar marubuta. A shekarun 1990 Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Ɗan'azumi Baba sun mayar da labaransu fim, Balaraba Ramat ma ta shiga shiryawa. Ga marubuci, rubutun fim na da daɗi ɗaya: ana biya a kan aiki, ba sai an jira ciniki ba. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan finafinai masu dogon zango suka cika YouTube, sai aka sami marubutan da ke rubuta wasa mako-mako a kan albashi ko kwangila. Gidajen rediyo kuwa sun daɗe suna karanta littattafai kashi-kashi, kuma littafin da aka karanta a rediyo yakan yi kasuwa washegari.

Zamanin waya

Daga wajen tsakiyar shekarun 2010 kasuwar littafin takarda ta ja baya sosai. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa, kusan duk takardar bugu daga waje ake shigo da ita, don haka duk faɗuwar naira sai ta bayyana a kuɗin rim ɗin takarda. Masu karatu kuma sun koma waya. Shagunan da a da ake layi a gabansu ranar fitowar sabon littafi, da yawa sun koma sayar da littattafan addini da na makaranta.

Sabuwar marubuciya yanzu a wayarta take rubutu, ta riƙa sakin shafi-shafi a Facebook ko Wattpad ko zaurukan WhatsApp. Tsarin da ya zama ruwan dare shi ne a saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane sai a ce daga nan na kuɗi ne: mai so ya tura kuɗi ta asusun banki ko katin waya, ya nuna shaidar biya, a sa shi a zauren masu biya. Tsohuwar dabarar na ɗaya da na biyu ce ta dawo da sabuwar riga, sai dai yanzu babu kuɗin bugu, babu ɗan kasuwa a tsakani, kuma mace na iya yin komai daga ɗakinta. Wasu na ƙarawa da tallan kayan mata, turare ko atamfa a tsakiyar shafi, wasu na sayar wa masu tashoshin YouTube izinin karanta labarin da murya.

Matsalar wannan hanya ita ce fitar da littafi. Mutum ɗaya zai biya, ya kwashe shafukan ya watsa a wasu zaurukan, kafin kwana biyu an haɗa shi cikin fayil guda yana yawo kyauta. Shi ya sa shafukan littattafan kuɗi ke buɗewa da roƙo da Allah-ya-isa ga duk wanda ya fitar. Ga kuma wahalar da ba a cika faɗa ba: masu biya na jiran sabon shafi kullum, ranar da rashin lafiya ko rashin wuta ya hana, sai ƙorafi ya cika zaure. Rubutun gaggawa irin wannan ba ya bi ta hannun mai gyara, kuma ana ganin hakan a ƙa'idojin rubutu da suka tabarbare. Manhajojin sayar da littafi sun yi ƙoƙarin toshe ɓarakar satar, amma su ma ba tabbas gare su ba. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023 bayan shekara goma tana aiki.

Doka da gasa

A takarda, doka na tare da marubuci. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta shafi ayyukan da ke intanet, kuma haƙƙin littafi na nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijeriya ce ke lura da ita, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa kuma ke bayar da lambar shaidar littafi, wato ISBN. A aikace kuwa mafi yawan cinikin da ke tsakanin marubuci da mai bugawa da baki ake yin sa, bisa amana, kuma kuɗin lauya ya fi abin da littafin zai kawo.

Gasa ta ci gaba da zama tsani kamar yadda take tun 1933. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata a 2016, kuma ta fito da sunaye da dama. Sai dai babbar kyautar adabi ta ƙasar, wadda kamfanin iskar gas na NLNG ke bayarwa, dala 100,000, ta rubutun Ingilishi ce. Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, ya ci ta a 2016 da labarin da ya gina a kan rayuwar Hausawa, amma da Ingilishi ya rubuta shi, kuma a lokacin ma aikin jarida yake yi a Daily Trust.