Gizo-gizon da ba ya saƙa: ku san shi kafin ku ɗaga silifa

Ranar Talata da hantsi ina wani lambu a Gyinyase, nan Kumasi, ina duba kabejin da tsutsa ta huhhuda, sai wani ɗan gizo-gizo ya fito daga ƙarƙashin ganye ya hau bayan hannuna. Bai kai ƙwayar wake ba. Ya juyo, ya ɗaga kai, ya ƙura mini wasu manyan idanu biyu baƙaƙe masu sheƙi kamar fitilun mota. Dattijon mai lambun har ya cire silifa. Na ce, "Baba, don Allah dakata, wannan aiki yake yi maka." Ya ce, "Malam, tautau ne fa. Fitsarinsa ke tayar da ƙuraje."

Na sha jin wannan magana tun da na fara aikin malamin gona, a lambuna da cikin gidajenmu na Aboabo da Asawase. Mun tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, maƙwabtanmu Asante suna da nasu Ananse, amma gizo-gizon da ke bangon ɗakinmu ba mu taɓa tsayawa mun dube shi ba.

Masana suna kiran danginsa Salticidae, wato masu tsalle. Su suka fi kowane dangin gizo-gizo yawa a duniya: an ƙidaya iri sama da 6,000, akasarinsu a ƙasashe masu zafi irin tamu. Ƙafafunsa 8, ƙwaro kuwa 6 gare shi. Jikinsa kashi biyu ne, kai haɗe da ƙirji, sai ciki, ga gashi lallausa, ƙafafun gajeru masu kauri. Idanunsa 8 ne. Biyu na gaba, manyan nan, da su yake tantance abin da zai kama. Sauran suna gefe da saman kai, suna hango duk abin da ya motsa ko ta baya ne. Shi ya sa in ka matso da yatsa yake juyowa ya fuskance ka.

Ba ya saƙa yana don tarko. Da rana yake farauta, da sanɗa kamar kyanwa, sai ya matso ya daka tsalle ya danne ƙuda. Abin da ya fi burge ni, ba shi da kakkauran cinya irin ta fara. Ruwan jikinsa yake turawa da ƙarfi cikin ƙafafun baya, su miƙe farat ɗaya su cilla shi. Kafin ya tashi kuma sai ya liƙa zare a inda yake tsaye, in ya kuskure ya kama zaren ya hau. Farar 'yar jakar da kuke gani a naɗaɗɗen ganye ko a tsagar bango, ɗakinsa ne: nan yake kwana, nan macen ke ajiye ƙwai.

Wanda kuka fi gani a bango kusa da fitila shi ne Plexippus paykulli, tsawonsa wajen santimita 1. Namijin baƙi ne da farin layi a tsakiyar baya, macen ruwan ƙasa-ƙasa. Akwai Hasarius adansoni, namijinsa na da farin zane kamar jinjirin wata a ciki. An raɗa masa sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Senegal. Sai Myrmarachne, wanda ke shigar tururuwa: siririn ƙugu, ga ƙafafun gaba ya ɗaga yana kaɗa su kamar gashin kan tururuwa, don tsuntsu da zanzaro su ƙyale shi. Wani irinsa yana kwaikwayon jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganyen mangwaro da koko. Wani kuma sunan Legon, wata unguwa a Accra, ne a kansa, Myrmarachne legon, da aka bayyana a 1978. A Kenya da Uganda, gefen tafkin Biktoriya, akwai Evarcha culicivora mai zaɓar sauron da ya sha jini ya ƙoshi. Kada wannan ya sa wani ya naɗe gidan sauronsa. Ku ci gaba da kwana a ciki.

To, batun ƙuraje. Gizo-gizo mai tsalle yana da dafi, na kashe ƙuda, kuma da wuya ya ciji mutum sai an matse shi. Ko ya ciza, bai wuce cizon cinnaka ba. Ƙurajen da ake ɗora wa tautau, sau da yawa aikin wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke zuwa wurin fitila da damina. Ba ya cizo. In aka murtsuke shi a fata, ruwan jikinsa ke ƙona wurin, bayan kwana ɗaya ko biyu ya yi ƙyalli ya tashi. Hure shi za ku yi, in kuwa an riga an murtsuke, a wanke da sabulu nan take. Ƙurajen da suka jeru kamar ɗamara a gefe ɗaya na jiki, masu raɗaɗi, wata cuta ce daban, a kai mai su asibiti da wuri.

Abin da ke damuna a lambu shi ne feshin da ake yi kowane mako, akwai ƙwaro ko babu. Tsutsar kabeji ta saba da magunguna da yawa, tana tsira. Gizo-gizon ne ke mutuwa, kuma shi ya fi jinkirin dawowa, sai tsutsar ta samu fili. Ku riƙa juya ganye kuna dubawa kafin ku goya tankin feshi. Kunyar da ta kamu ita za a fesa, da yamma lis, lokacin da ya shige jakarsa. Ruwan 'ya'yan dogon yaro ya fi masa sauƙi. A bar ɗan ciyayi a bakin lambu ya samu maɓoya.

Baba ya mayar da silifarsa. Muka tsuguna tare muna kallo, har ɗan gizo-gizon ya sauka kan ganye ya fara yi wa wata ƙaramar tsutsa sanɗa.