A bar doki ya sha ruwa ko yana gumi

An daɗe ana cewa idan doki ya jiƙe da gumi kada a bar shi ya sha ruwa, kada kuma a watsa masa mai sanyi, wai cikinsa zai murɗe ko jikinsa ya sandare. Shi ya sa za ka ga mahayi ya ratso duwatsu da tsakar rana, ya iso rafi, doki na miƙa wuya shi kuwa yana jan linzami. Wannan kuskure ne, kuma dabbar ce ke shan wuyarsa.

Dokin da ke hawan tudu cikin zafi yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya, gumin nan kuma cike yake da gishiri. Idan ruwan jikinsa ya yi ƙasa, abincin da ke hanjinsa sai ya bushe ya cushe. Ciwon cikin da ake gudu sau da yawa daga nan yake tasowa, wato hanin ne ke jawo shi.

Gabanin gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, can Amurka, likitocin dabbobi sun yi bincike kan dawakai cikin zafi, suka gano cewa kwarara musu ruwan sanyi na sauke zafin jiki da sauri, ba tare da illa ba.

Don haka duk rafin da ka tarar, sassauta linzami ya sha. Jiƙa masa wuya da ƙirji da tsakanin ƙafafu. Ka tsunkuli fatar kafaɗarsa ka saki; idan ta daɗe ba ta koma ba, sauka ka kai shi inuwa.