Waiwaye: Yadda Songkran ya tashi daga zuba wa iyaye ruwa a hannu ya koma yaƙin ruwa a titi

Da zarar watan Afrilu ya kama, lokacin bikin sabuwar shekara na Songkran, hukumomin Tailan sukan fito da gargaɗin da jama'a suka riga suka haddace. Kada a jiƙa limaman Buda, kada a watsa wa jarirai da tsofaffi da masu juna biyu ruwa, kada a sheƙa wa mai tuƙa babur bokiti a fuska, a guji shigar banza, a daina shafa wa mutane farar ƙasa ba da yardarsu ba. A daidai wannan lokaci kuma hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar tana baza talla a duniya, tana kiran baƙi su zo a jiƙe tare. Kafin a watse daga bikin, bidiyoyi sun cika Facebook da TikTok: ga wani Bature a buge yana harbin ɗan sanda da bindigar ruwa, ga wasu sun buɗe ƙofar motar da ba ta shiga wasan ba sun antaya ruwa ciki. Sai ƙorafi ya tashi cewa baƙi sun lalata al'ada.

Akwai gaskiya a ƙorafin. Amma wanda ya bi tarihin bikin zai ga cewa ba baƙi ne suka fara ba, kuma ba su kaɗai ne suka kai shi inda yake yau ba.

Songkran sabuwar shekarar gargajiya ce ta Tailan, ana yin ta daga 13 zuwa 15 ga Afrilu. Lissafinta daga Indiya ya zo, ya danganta da shigar rana burujin rago, shi ya sa ake irinsa a Myanmar da Laos da Kambodiya, har da ƙabilar Dai ta lardin Yunnan a China. Lokacin ya faɗo a tsakiyar bazara, an gama girbin shinkafa, damina ba ta sauka ba, zafi kan kai maki 40 a wasu wurare. Manomi ba shi da aikin gona, ruwa kuma shi ne abin da kowa ke marmari.

A tsarin da aka gada, da gida ake farawa. A share ko'ina, a kai wa limamai abinci da sassafe, a wanke mutum-mutumin Buda da ruwa mai ƙamshi. Daga nan yara da matasa su durƙusa gaban iyaye da kakanni, su zuba musu ruwan furanni a tafin hannu, su nemi gafarar abin da suka yi cikin shekara, dattawan su sa musu albarka. Ana ɗebo yashi a kai wurin bauta a gina ƙananan hasumiyoyi da shi, wai don a mayar da ƙasar da ƙafafun masu ziyara suka kwashe a tsawon shekara. Ana sakin tsuntsaye da kifaye. Har gobe ana duk waɗannan, kuma gwamnati ta keɓe 13 ga wata a matsayin ranar tsofaffi, 14 kuma ranar iyali. Ma'aikatan da suka zo Bangkok ci-rani daga yankin Isan na arewa maso gabas sukan cika tashar Mo Chit da babbar hanyar Mittraphap, kowa na son ya isa gida, kamar dai yadda tashoshinmu ke cika a jajibirin Sallah.

Wasan jiƙa juna ma ba sabon abu ba ne. A arewacin ƙasar, musamman Chiang Mai, wadda ta shafe sama da shekara 200 ƙarƙashin sarakunan Burma (Myanmar ta yau) daga 1558, an daɗe da sanin samari da 'yan mata suna watsa wa juna ruwa da kwano bayan an gama ibada. Dama ce ta zolaya da neman aure a al'ummar da ke da tsananin kunya. Don haka masu cewa a da bikin natsuwa ce zalla suna ƙawata tarihi. Abin da ya bambanta shi ne, a wancan lokacin mai watsawa ya san wanda yake watsa wa. Ɗan maƙwabcinsa ne, ko 'yar unguwarsu, gobe ma za su haɗu a kasuwa.

Kalanda ta fara raba bikin da matsayinsa. A zamanin Sarki Chulalongkorn an tsayar da 1 ga Afrilu a matsayin farkon shekarar hukuma, sannan gwamnatin Phibunsongkhram ta mayar da shi 1 ga Janairu daga 1941. Songkran ya rage a matsayin hutu da al'ada. Abin da ya zama hutu kuwa, sayar da shi ba wuya.

An kafa hukumar tallata yawon buɗe ido a 1960, a shekarun da sojojin Amurka da ke yaƙin Vietnam suka fara mayar da ƙauyen masunta na Pattaya wurin shaƙatawa. A 1979 aka faɗaɗa ta zuwa hukumar da ake kira TAT a yau. A 1987 aka yi shekarar ziyartar Tailan, kuma bayan durƙushewar kuɗin ƙasar, baht, a 1997, aka fito da gangamin Amazing Thailand don neman kuɗin waje ido rufe. Matsalar watan Afrilu ita ce zafi ya yi yawa, Turawa sun fi son zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Songkran ya zama maganin wannan giɓi. Hoton jika yana zuba wa kakarsa ruwa a hannu ba zai sa matashi daga Ostireliya ya sayi tikitin jirgi ba, amma hoton titi cike da dubban mutane a jiƙe sharkaf zai sa. Masu talla sun san wanda za su zaɓa.

Kayan wasan ma sun canza, kuma a ganina wannan ne sashen da aka fi mantawa da shi. Kwanon azurfa ko na roba ba ya ɗaukar ruwan da zai cutar da kowa. A farkon shekarun 1990 bindigar ruwa mai famfo irin Super Soaker, wadda injiniyan Amurka Lonnie Johnson ya ƙirƙira, ta shiga kasuwa, masana'antu suka yi ta kwaikwayonta da araha. Motar a-kori-kura, wadda Tailan ke cikin manyan masu ƙera ta a duniya, ta zama ta kowa. Sai a ɗora duro a baya, a zuba ƙanƙara, matasa goma su hau, a shiga gari. Wasu suka riƙa haɗa bindiga da bututun roba mai ƙarfin da ke iya fasa ido, har hukuma ta haramta sayar da ita. A Chiang Mai, ramin ruwan da ya kewaye ganuwar tsohon gari ya zama rijiyar da ba ta ƙafewa, ana ɗibar ruwansa da guga duk da dattinsa. Babu ɗaya cikin waɗannan da baƙo ya shigo da shi a jakarsa.

Abin da baƙi suka kawo shi ne yawa da rashin sani. A 2019 kusan mutum miliyan 40 suka ziyarci ƙasar. Wanda ya sauka a titin Khao San ko Silom a Bangkok, ko titin Bangla a Phuket, ba ya ganin safiyar bikin, domin lokacin yana barcin gajiyar daren jiya. Da rana yake fitowa, ya tarar da lasifika da giya da kumfa, ya ɗauka dokar ita ce babu doka. Ɗan ƙasa ko da a buge yake ya san ba a jiƙa mai rigar limanci, ya san idan dattijuwa ta ɗaga hannu a ƙyale ta, ya san a unguwanni ana tsayawa idan rana ta faɗi. Baƙon bai sani ba, kuma wanda ya sayar masa da tikiti bai gaya masa ba. A Pattaya ma ana jan wasan har 19 ga wata, abin da ke sa wasu mazauna garin, 'yan ƙasa da Turawan da suka yi ritaya a can, su kulle gida ko su bar garin gaba ɗaya.

Manyan rigingimun da suka girgiza ƙasar kan bikin kuwa, yawancinsu na cikin gida ne. A 2011 wasu 'yan mata uku 'yan ƙasar suka yi rawa ba riga a titin Silom, bidiyon ya bazu, aka ci kowacce tarar baht 500, manya suka yi ta tir da zubar da mutuncin ƙasa. Ana cikin haka masu bibiyar intanet suka gano cewa shafin ma'aikatar al'adu kansa yana ɗauke da zanen allolin Songkran mata da ƙirji a buɗe. Nan da nan aka sauke zanen. Laifi tudu ne.

Shekarar 2016 ta haɗa kusan komai. Ƙasar na fama da fari mafi muni cikin shekaru masu yawa, manoma ba ruwa, birnin Bangkok ya rage kwanakin wasan ya kuma ce a tashi da ƙarfe tara na dare. Shugaban mulkin soja, Janar Prayut Chan-o-cha, ya ja kunnen mata kan sutura, ya kwatanta su da alewa wadda ba mai sayenta idan an kware ledarta. A garin Hua Hin kuma kyamara ta ɗauki wasu samari 'yan ƙasar suna lakaɗa wa wasu dattawa 'yan Birtaniya, miji da mata, da ɗansu duka har suka suma, a cikin cunkoson bikin. Kotu ta ɗaure maharan. A nan baƙon ne ya sha.

Batun taɓe-taɓen mata shi ne ya fi daɗewa ana rufawa. Shafa farar ƙasa a kumatu alama ce ta fatan alheri, amma a cunkoso ta zama hujjar kai hannu inda bai dace ba. Wata gidauniyar kare haƙƙin mata a ƙasar ta yi bincike ta ce fiye da rabin matan da ta tambaya an taɓa cin zarafinsu a lokacin bikin. A 2018 wani babban jami'in gwamnati ya ce mafita ita ce mata su daina shigar da ke jan hankali. Mai tallan kayan ƙawa Cindy Bishop ta mayar masa da martani a bidiyo, inda ta ba da labarin yadda aka ci zarafinta a Songkran alhali tana sanye da tufafi masu rufe jiki, daga nan aka fara gangamin da ke cewa kada a gaya wa mace abin da za ta sa, a gaya wa maza su kama kansu. Gangamin ya kai har ga baje kolin tufafin da mata ke sanye da su lokacin da aka far musu.

Sai mace-mace. Hukuma na kiran makon bikin "kwanaki bakwai masu haɗari", kullum ana sanar da alƙaluma. A 2016 mutum 442 suka mutu a kan hanya, a 2018 kuma 418. Mafi yawan haɗurran na babur ne, dalilan da aka fi ambata su ne gudu da tuƙi cikin maye, kuma galibi a hanyoyin larduna suke faruwa, nesa da inda baƙi ke rawa. Gwamnatin soja ta gwada ƙwace motocin mashaya, ta tura wasu aikin dole a ɗakin ajiye gawa don su ga abin da suke jawowa. A 2017 ta hana zama a bayan a-kori-kura, jama'a suka yi caa, domin ita ce motar talaka, cikin 'yan kwanaki aka sassauta. Wani abin lura: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 22,000 ne suka mutu a hanyoyin Tailan a 2016, wato kimanin 60 a kowace rana. Ko da yake hanyar ƙirgar ta bambanta, wannan na nuna cewa makon Songkran bai yi wa sauran makonni nisa sosai ba. A makon ne kawai ake ƙirgawa a gaban kyamara.

Annobar korona ta ba ƙasar damar ganin bikin ba yaƙin ruwa. A 2020 an ɗage shi, a 2021 da 2022 an yarda da ibada amma an hana watsa ruwa da shafa hoda. Masu kishin al'ada sun ji daɗi. Masu otal da mashaya da masu tuƙa tuk-tuk, wato keke mai ƙafa uku, kuwa sun ji a jikinsu, domin baƙin da suka shigo a 2021 ba su kai rabin miliyan ba. A 2022 'yan yawon buɗe ido a Khao San suka yi biris da dokar suka fito da bindigoginsu, hukuma ta yi ta roƙo da kafa allunan gargaɗi. Da aka buɗe komai a 2023, ba a ji wani mai mulki yana maganar komawa tsohon salo ba.

A ranar 6 ga Disamba 2023, a taron da aka yi a Kasane ta ƙasar Botswana, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa Songkran cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Abin da aka yaba a takardar shi ne girmama na gaba, haɗuwar iyali, yafiya da wanke abin da ya wuce. Kwana tara bayan haka, a 15 ga wata, gwamnatin firaministan lokacin, Srettha Thavisin, ta ba wuraren shaƙatawa a Bangkok da Phuket da Chonburi da Chiang Mai da tsibirin Samui izinin kaiwa ƙarfe huɗu na asuba, don a jawo baƙi. Paetongtarn Shinawatra, wadda daga baya ta zama firaminista, ta kawo shawarar a yi Songkran na wata guda cur. Da suka ya yi yawa sai aka bayyana cewa ba watsa ruwa za a yi ta yi tsawon watan ba. A Afrilun 2024 aka shirya gagarumin biki a dandalin Sanam Luang, gaban tsohuwar fadar sarki, aka sa masa sunan bikin ruwa na duniya. A makon bikin na shekarar mutum 287 suka mutu a kan hanya. Daga watan Yuli na shekarar kuma aka ba 'yan ƙasashe 93 damar shiga Tailan su zauna kwana 60 ba tare da biza ba.